Mai Jawo Nesa Kusa

Cadawa, ranar Talata

Ƙanena Lurwanu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da Marwa da yara. Mu nan sai godiyar Allah.

Sati uku ke nan da na roƙe ka ka sayo mini 'yar kyamara a Maraɗi, ka san ina takaba, ba ni fita. Kai kuma sai aiko tambayoyi. Wai ta ɗaukar gonaki nake so, ko ta fuskoki, ko ta namun daji. Lurwanu, wane naman daji ke Cadawa in ba shamuwa ba? Na ce ƙarama, mai jawo nesa kusa. Mene ne mai wuya a nan?

Tunda sai na faɗa, to ji. Baban Nazira bai bar hoto ba, ka san halinsa. Guda ɗaya ne, wanda 'yata Nazira ta ɗauka a sace da wayarta lokacin kaka, muka wanko. Yana can ƙarshen gona, gindin gawo, bai fi ƙwayar gero ba. Shi nake so a jawo mini. Fuskarsa ta fara ɓace mini, ban gaya wa kowa ba sai kai.

Taka, Hasiya

Cadawa, ranar Lahadi

Lurwanu,

Bayan gaisuwa da tambayar iyali, Idi direba ya kawo saƙo, Allah ya saka.

Na jingina hoton a bango, na danna inda Nazira ta nuna mini. Hancin kyamarar ya fito zoƙo-zoƙo. Gawo ya girma, Baban Nazira kuwa ya koma dishi-dishi kamar tabon mai a zane. Ashe abin da ke tsaye gabanta kaɗai take jawowa. Ka karanta wasiƙata, ka sani, ka yi shiru! Da ka gaya mini da na yi kukana tun lokacin. Na jefa ta cikin kwalla, na rantse zan mayar maka.

Jiya Inna Tala, mahaifiyarsa, ta zo duba ni. Tana zaune can bakin rumbu, akuya ta fizge mata goro, ta yi dariya. Wushiryar nan tasa ce, har yadda yake karkata kai. Daga ƙofar ɗaki na jawo ta, ba ta sani ba, don ita ma ba ta son hoto. Ta fito tas.

Saboda haka ba zan mayar ba. Amma ka manta igiyar caji, kuma Inna ta tsufa. Ka ba Idi igiyar gobe, kada ka aiko mini wata tambaya.

Gai da Marwa.

Yayarka, Hasiya