Ranar da Na Iso Ƙofar Apa a Guje

Kochkor, 5 ga Agusta

Zuwa ga babban yayana, Esen baike,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ƙafarka ta taka ƙasa bayan wata uku kuna kamun kifi a tekun Kamchatka. Allah Ya kare ka daga sanyin can, Ya sa albarka a wahalar. Na aika ta ta wayar matarka Kanishai, na roƙe ta ta miƙa maka ita a ranar da jirginku ya tsaya, tun kafin ka cire takalmi. Idan ka kai ƙarshe za ka ga dalili.

Nan gida kowa lafiya. Mahaifiyarmu Apa ta hau makiyayar kan tsauni tun farkon Yuni, ta kafa ɗakin ulunta a inda muka saba, arewacin tafkin Son-Kul. Goɗiyoyi tara sun haihu, ɗaya ta yi ɓari. Ciyawa ta yi kyau bana, duk da ƙanƙarar da ta sauka sau biyu a Yuli. Gwiwar mijina Meder ta warke, har ya koma aikinsa na asibitin dabbobi. Ƙanen mahaifinmu, Toktosun ake, yana nan da ƙarfinsa da bakinsa, ba abin da ya ragu a cikin biyun.

Yanzu ga maganar. Ka san shekara biyu ke nan da na bar gidan jarida ina zana hanyar keke da za ta kewaye tafkin: kilomita casa'in da huɗu na tsakuwa da turɓaya, daga mashigar Kalmak-Ashuu, a bi gaɓar arewa, a dawo ta kudu. Kowane rafi na auna zurfinsa da sanda, kowace gangara na sauke ta da kaina. Dattawan makiyaya za su zauna ranar Asabar, sha bakwai ga wannan wata, su ce an yarda masu keke su bi gaɓar arewa ko ba a yarda ba. In sun hana, babu kewaye, domin ba wata hanya a wannan ɓangaren sai fadama. Da farko kowa ya nuna zai yarda. Ni na ɓata abin da hannuna, kuma zan faɗa maka yadda aka yi ba tare da na gyara wa kaina labari ba.

Ranar ashirin ga Yuli na ɗauki mutum shida don gwada hanyar, huɗu 'yan Bishkek, biyu baƙi. A taswirata, gangara ta ƙarshe ta ranar farko tana saukowa kilomita uku a miƙe, ta ƙare daidai ƙofar Apa. Da gangan na zana ta haka, ina ganin gajiyayyu za su ji daɗin faɗowa kan shayi da nonon goɗiya. Da muka hango hayaƙin ɗakinta na saki birki. Na cire tabarau saboda ƙura ta rufe shi, iska mai sanyi ta cika mini ido da hawaye, ina gaba ina ƙwala kiran Apa, Apa, su kuma a bayana suna ihun murna. Baike, ka tuna ranar da mahaifinmu Ata ya rasu, yadda maza suka riƙa sako dawakai a sukwane har bakin ƙofa suna kururuwa. Ni ma ina wurin a ranar. Na taɓa ma rubuta shafi guda a jarida a kan wannan al'ada, cewa ba a isa ƙofar mutum a guje sai da labarin mutuwa. Amma ko sau ɗaya bai zo mini ba cewa keke ma abin hawa ne.

Apa tana tatsa ta ɗago kai, ta ga 'yarta tafe a guje da hawaye, mutum shida a baya suna ihu, ga ɗanta namiji ɗaya tilo a kan teku. Bokitin ya kife. Kafin in jingine keken ta shige ɗaki, ta zauna ta fuskanci bango ta riƙe ƙugu, ta fara kukan mutuwa da sunanka. Maƙwabta suka ji, mata suka fito da gudu. Na tambayi mutum uku daga baya, duk sun ce ba a yi minti ashirin ba mahaya sun iso daga zango huɗu. Baƙina suna tsaye da hulunan kwano a hannu ba su san abin da suka yi ba.

Na durƙusa na rantse mata cewa lafiyarka ƙalau. Ta dube ni ta ce ai ita ma haka ta rantse wa ƙanwarta Burul, kwana tara tana ba ta shayi tana cewa ɗanta lafiya lau, alhali an riga an binne shi a Rasha, ana jiran dattawa su taru su faɗa mata yadda ya dace. Ta ce ta san fuskar mai ɓoye mutuwa, don ta taɓa saka ta. Na nuna mata saƙon Kanishai, ta ce ai matar mamaci ita ake fara koya wa abin da za ta faɗa. Na nuna mata hotonka a kan jirgi, ta tambaye ni ko hoto yana tsufa. Yau kwana goma sha shida. Ta daina kuka, tana tatsa, tana girki, amma loma uku take ci, kuma duk mahayin da ya ɓullo daga gabas sai ta ajiye abin da ke hannunta har ya wuce.

Toktosun ake bai bar ni na huta ba. A gaban mutane ya ce wai 'yar Bishkek ta cinye littattafan birni kaf amma ba ta san yadda ake zuwa ƙofar uwa ba. Wai karensa ma in ya kusa gida yakan rage gudu. Wai mu masu wandon roba mun hau jakin ƙarfe da ba ya cin ciyawa ba ya jin kunya, yau mun kashe Esen, gobe sai mu kashe masa nasa 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya kafin la'asar. Mutane suka yi dariya, ni ban yi ba, domin in an cire zolayar gaskiya ya faɗa. Zango talatin da ɗaya ne a gaɓar arewa, na ƙirga, kuma kusan kowanne yana da ɗa ko miji a wata ƙasa. Ya ce ranar taro shi zai fara miƙewa ya nemi a rufe hanyar.

Ban yi gardama da shi ba. Na koma na bi hanyar da ƙafa, kwana biyar. Na karkatar da gangara huɗu suka daina fuskantar ƙofar kowa. A wurare goma sha ɗaya da ba yadda za a kauce wa zango, na kafa turke irin na ɗaure doki, taku ɗari huɗu kafin gida. Doka ɗaya ce, kuma za ta hau shafin farko na taswira cikin harshe uku: in ka ga turke ka sauka, ka rufe baki, ka tura kekenka da hannu, ka jira a fito a tarbe ka. Wasu abokan aikina sun ce masu keke ba za su so a katse musu gangara ba. Na ce wanda ba zai iya yin taku ɗari huɗu don tsohuwar da za ta ba shi shayi ba, ya nemi wani tafkin.

Shekaranjiya Toktosun ake ya zo a kan dokinsa ya tsaya a turken da ke kusa da Apa. Ya sauko ya girgiza shi, ya ce wannan ko ɗan akuya ba zai riƙe ba, wai aikin mutanen birni ke nan, sama kyau ƙasa babu. Ya karɓi shebur a hannuna ya tone shi, ya ƙara zurfin ramin, ya danne da duwatsu. Bai ce ya yarda ba. Abin da ya ce shi ne matar yayansa aka tsorata, don haka bakinsa yana bayan nata, abin da ta ce a taro shi zai ce, sauran dattawa kuma ka san shi suke bi. Na je wa Apa da maganar. Ta ce ba ta da ta cewa a kan hanya ko keke, Esen ne babba, in Esen yana da bakin magana ya faɗa mata da kansa.

Saboda haka ga roƙona, kuma ka riƙe lokacin daidai. Kanishai ta ce jirginku zai tsaya sha huɗu ga wata. Ranar Juma'a, sha shida, da ƙarfe goma sha biyu na rana agogonmu, shida na yamma naku, ka kira lambata. Zan kai Apa kan tudun da ke bayan zangon Toktosun ake, nan kaɗai waya ke kamawa, na gwada sau uku a wannan lokacin. Kada ka aiko saƙon murya, ba za ta karɓa ba. Za ta yi maka tambayoyin da kai kaɗai ka san amsarsu, ka amsa da haƙuri. Za ta yi maka faɗa kan wata uku babu labari, ka bari ta gama. Maganar hanya kuwa, ka faɗa mata abin da ka gani daidai, ban nemi ka yi mini alfarma ba. In jirgi ya makara, zan hau da ita tudun kowace rana a wannan lokaci har ka kira, kuma zan je taron in nemi a ɗaga shi. In sun ƙi, su rufe, na sake nema baɗi da turakuna a kafe.

Ta yarda za ta hau tudun. Jiya ina taya ta naɗe shimfiɗa na ga ta ciro baƙin ɗankwalin takabar da ta ɗaura lokacin rasuwar Ata, ta ninke ta sa a aljihun rigar da za ta saka ranar. Ni na jawo ya fito daga akwati, kuma na yi niyyar in ga ya koma ba a warware shi ba. Ka kira, baike.

Ka gaida Kanishai, ka yi mata godiya a kan ɗawainiyar saƙonni. Ka shafa mini kan 'ya'yanka Aibike da Dastan. Meder yana gaishe ka, Burul eje ma haka. Toktosun ake ya ce a gaya maka tunda an riga an yi kukanka, saura ka zo ka ci naman zaman makokin.

Ƙanwarka mai girmama ka,
Salkin