Lofen Babanmu da Ke Durowar Ofishinka

Zuwa ga:
Manajan Gidajen Haya,
Ofishin Kula da Masu Haya.

Daga:
Telar da ke haya a hawa na biyu, ƙofar da ke kallon matakala.

Kwanan wata: 19 ga Yuni, 2023.

Ranka ya daɗe,

Game da: Gargaɗin tashi da aka ba mu kan hayaƙin taba, da lofen mahaifina da aka ƙwace

Ina gaishe ka gaisuwar girma, da fatan aiki na tafiya lafiya. Na zo ofishinka har ƙafata ta san hanya, kullum sai a ce kana taro, shi ya sa na koma ga takarda. Ba ni da ƙarfin rigima, Allah ya sani. Ga abin da ke tafe da ni.

1. Ranar 5 ga Yuni aka liƙa mana takarda a ƙofa, wai maƙwabta sun koka da warin taba a matakala, in bai daina ba kafin ƙarshen wata mu kwashe kayanmu. Ban musa warin ba. Ni ma ina shaƙarsa, har yadin mutane da nake ɗinkawa yana kama shi. Abin da na musa shi ne cewa daga wurinmu yake fitowa.

2. Da na tambayi mai gadi inda ya samo hujja, sai ya ce ai kowa na ganin Baba da lofe a baki, zaune a kujerarsa ta bakin taga, kuma taba duk taba ce. To, ranka ya daɗe, ba duk ɗaya ba ce. Ni ba na sha, amma a cikin ƙamshinta na girma, tun Baba na tuƙin jirgin ƙasa. Tabar lofe yankakkiya ce siri-siri, da ɗan damshinta, ana jiƙa ta da zuma ko wani abu mai zaƙi, a ajiye a gwangwani. Hayaƙinta ƙamshi yake yi kamar ana gasa burodi, kuma iska na kaɗawa ya wuce. Wadda ta addabe mu kuwa ƙatuwar nan ce ta naɗi, mai kaurin babban yatsa, ganye a naɗe cikin ganye ba takarda. Ita ba a sa mata zaƙin komai, ganyen ake tarawa ya daɗe a jibge har ya yi duhu. Hayaƙinta nauyi gare shi, ya shiga labule ya kwana, da safe ya koma ɗaci.

3. Ko an bar maganar hanci, akwai abin da ido ke gani. Lofe toka kawai yake bari, ba ya barin guntu. Matar da ke share mana bene ta gaya mini kusan kullum sai ta tsinci guntayen tabar naɗi a tukunyar fulawa ta hawa na uku, dab da ƙofar dillalin motoci. Ban ce shi ne ba, don ban gan shi da ita a baki ba. Na dai ce hawa na uku ba namu ba ne, kuma Baba rabonsa da hawa can tun kafin ciwonsa. Na sa guntu ɗaya a leda na haɗo da wannan takarda, a yi haƙuri da warin.

4. Ranar 8 ga Yuni, ina kasuwa sayen zare, mai gadi ya hau ya karɓe lofen daga hannun Baba, ya ce shaida ce za a kai ofis. Tsoho ne mai shanyewar ɓarin jiki, maganarsa ma ba ta fita sosai. Bai hana ba, ya miƙa. Wannan shi ne ya fi yi mini ciwo, kuma ba zan ɓoye ba, na yi kuka.

5. Abin da mai gadi bai tsaya ya tambaya ba shi ne, tun da ciwon ya same shi a Disambar bara likita ya hana Baba taba, hannun da yake ƙyasta ashana ma ya daina aiki. Lofen babu komai a ciki. Riƙe shi kawai yake yi. Da safe in buɗe masa tsohon gwangwanin ya shinshina in rufe. Marigayiya mahaifiyarmu ce take jefa ɓawon lemo a ciki don kada tabar ta bushe, na ƙarshen da ta sa yana nan har yau, ya ƙandare. Tun da aka karɓe lofen Baba ya daina fitowa bakin taga. Abinci sai na yi da gaske yake buɗe baki. Jikokinsa da ke tsokanarsa wai man jirginsa ya ƙare tunda lofen ba ya hayaƙi, yanzu leƙowa kawai suke yi su koma.

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi, a janye takardar tashin, don ban san yadda zan sauko da mutumin da ba ya iya taka matakala ba. A aiko wani ya duba tukunyar fulawar nan. In aka gano mai tabar, ba na neman a tashe shi, a ce masa ya riƙa buɗe taga ya isa.

In kuwa duk wannan sai an zauna taro, zan jira, na saba. Amma lofen kam a ba ni shi yau. Mai gadi ya ce yana durowarka ta dama. Ka ciro shi, ranka ya daɗe, ka duba cikinsa, za ka tarar ko toka babu. Kowace safiya Baba sai ya lalubi aljihun rigarsa da hannun da ya rage masa, sannan ya ɗago ya dube ni.

Allah ya ƙara girma, ya sa ka duba da idon rahama.

Taka cikin biyayya,
Telar hawa na biyu,
a madadin mahaifinta.