Ordinatar Kano Ta Ƙi Ekran Ɗina, Zan Rufe wa Alhaji Zaure

Zuwa ga Malam Ɗanjuma,

Assalamu alaikum. Don Allah ka taimake ni da shawara kafin Juma'a mai zuwa, domin abin da nake shirin yi ran nan ba ƙarami ba ne, kuma a gidana babu mai goyon bayana, har matata.

Ni mazaunin Zango ne a nan Damagaram, amma tushenmu Dogo, can gonakinmu suke. Ka san abin da ya same mu bana. Ruwan sama ya ɗauke daidai lokacin da gero yake fitar da kai, kara kawai muka kwaso. Ciyawa babu, saniya ta kwanta da safe, kafin la'asar ungulu sun taru. Na ce ba zan zauna ina kallon tsuntsaye suna cinye gadon ubana ba, na kora abin da ya rage kasuwa, aka saye su a wulaƙance. Niyyata in kafa sana'ar da ba ruwanta da damina: in buɗe ɗan shago kusa da burorin gwamnati, wato ofisoshinsu, ina buga wa mutane takardu. Na iya bugu, na daɗe ina yi wa wata ƙungiyar agaji ta Faransawa kafin su tattara su tafi. Da za su tafi suka bar mani ekran, allon nan da ke nuna rubutu, babban nan mai ƙeya kamar tukunya, wanda sai ka yi nishi kafin ka ɗaga shi. Tsoho ne, ban musa ba, amma lafiyarsa ƙalau. Ordinata, wato kwamfutar kanta, ita kawai ta rage mani.

Nan Alhaji Habibu ya shigo. Bakano ne, fataucin atamfa da takalma yake yi. Mahaifinsa, marigayi Alhaji Lawan, a zauren mahaifina yake sauka tun ba a haife ni ba, shi ma ya gaji saukar, ni ma na gaji masaukin. Mu ke ajiye masa kaya, mu ke nemo masa masu saye, mu ke tsaya masa idan ciniki ya rikice. Akwatin ƙarfen ubansa, da buzun sallarsa, da butarsa, duk suna kusurwar zauren nan. Ko bana da muke auna hatsi da tafin hannu, matata Shatu ba ta taɓa rage masa kwanonsa ba. To wa zan ba amanar kuɗin shanuna in ba shi ba? Na damƙa masa, na ce ya sayo mani ordinata sabuwa, mai kyau.

Ya kawo ta kuwa, baƙa, 'yar ƙarama, cikin kwalinta. Don murna na kira maƙwabta, na kafa tebur a zaure, aka yi sa'a ranar akwai kuran, ba a ɗauke wuta ba. Na ɗauko wayar ekran, wadda kanta shuɗi ne mai ƙananan haƙora, na zagaya bayan ordinata ina neman ramin da za ta shiga. Babu. Akwai wani fari mai faɗi, akwai wani siriri, amma shuɗi ko alamarsa. Na juya kan, na karkata shi, na danna, gumi yana keto mani, mutane sun zuba ido. Malam, ka san abin da mutumin nan ya yi? Dariya ya yi, har da buga cinya. Wai wannan ekran ɗin sa'an kakansa ne, wai a Kano ko a juji aka gan shi ba mai sunkuyawa, wai in ina so ya kawo mani sabo mai shafaffen baya a zuwa na gaba. Maƙwabta suka taya shi. A cikin zaurena, a kan tabarmata. Nan take na gane dabarar: wannan zuwa a sayar mani da ordinata, wancan zuwa a sayar mani da ekran. An mayar da ni saniyar tatsa, alhali ko saniyar ba ni da ita.

Bayan ya koma Kano na zauna na yi tunani. Duk wanda ya girma a Damagaram ya san halin kayan Kano. Fanka, dutsen guga, firji, duk da fish, wato kan waya, mai ƙafa uku suke zuwa, mu kuwa ramukan bangonmu biyu ne zagayayyu. Me muke yi? Mu yanke kan, mu sa namu, magana ta ƙare. Na yi wannan ba adadi, ban taɓa ƙona ko fitila ba. Sai na ce ai shi ke nan, ordinata 'yar Najeriya ce, ekran ɗan Faransa ne, kai kawai za a canja. Na sa wuƙa na yanke shuɗin kan. Ina tsammanin in ga waya biyu ko uku, sai ga dami guda, sirara kamar gashi, kowace da launinta. Wayar kuma ba ta ciruwa daga jikin ekran, da ita aka ƙera shi. Na kai wa Inusa mai gyaran rediyo, ya duba, ya ce shi ba zai sa hannu ba. Na dawo da abina na lulluɓe da zane, har yau Alhaji bai san an yanke ba, kuma ban ga dalilin da zai sa ya sani ba. Da ya kawo abin da ya dace, me zai kai hannuna ga wuƙa?

Makon jiya ya dawo. Ina zaune da mutane a ƙofar gida ya miƙo mani wani ɗan abu cikin leda, bai fi gidan ashana ba, gefe ɗaya fari, gefe ɗaya shuɗi. Wai ya zaga kasuwa ya tambaya, an ce masa wannan ne maganin. Zuciya ta ɗebe ni. Garke guda ya tafi, a zo a rufe mani baki da gidan ashana! Na yi jifa da shi, na faɗa masa maganganu a kan fataucinsa, na haɗa har da na ubansa. Bai taɓa abincin da aka kawo masa ba, ya ɗauki jakarsa ya tafi ya kwana a tasha, kamar wanda bai san kowa a garin ba, gari na wayewa ya koma Kano. Shatu ta tsince abin ta ɓoye cikin kwanoninta, tun ranar kuma daga gaisuwa ba abin da ke haɗa ni da ita. Wai na kunyata gida. Ni da aka yi wa dariya, ni ne kuma mai kunyata gida.

Ran Juma'a motarsa za ta shigo. Na ƙudura in fito da akwatin da buzun da butar in jere su a bakin titi, in sa wa zaure kwaɗo, sannan in kai ƙararsa wurin shugaban 'yan kasuwa, Alhaji ya karɓi ordinatarsa ya san yadda zai yi da ni. Shagon da na kama yana nan a rufe, 'yan'uwa daga Dogo suna ta sauko mani da yara da ƙoƙo a hannu, ni kuwa ina zaune da akwati baƙi da tukunya makauniya. Abin da nake so ka faɗa mani shi ne yadda zan tsara maganata a gaban shugaba don kada Alhaji ya juya ta, domin bakinsa ya fi nawa zaƙi. Kada ka ce mani in yi haƙuri. Na ji wannan daga liman, na ji daga Shatu, ya ishe ni.

Naka,
Mai masaukin da aka raina, Zango, Damagaram

Amsar Malam Ɗanjuma

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya mayar maka da alherin dabbobinka. Ba zan ce ka yi haƙuri ba tunda ka hana. Zan ce ka ajiye wuƙa, ka ajiye kwaɗo, ka saurara, don abin da zan faɗa ba zai yi maka daɗi ba.

Babu ruwan Najeriya, babu ruwan Faransa a wannan magana. Ko daga Yamai ka sayo ordinatar, haka za ka gan ta. Tsoho da sabo ne suka haɗu. Tsofaffin ekran da shuɗin kai suke aiki, masu sana'ar suna ce masa VGA, sababbin ordinata kuwa da yawa sun daina zuwa da raminsa, sai fari mai faɗi da suke kira DVI, da siririn nan. Mu ma a buronmu mun sha wannan ranar da aka canja mana injina. Fish ɗin fanka wuta kawai yake ɗauka, shi ya sa kake yanke shi ka kwana lafiya. Wayar ekran hoto take ɗauka, kowane silin gashin da ka gani da aikinsa, wani ja, wani kore, wani shuɗi, wani yana tsayar da hoton kada ya yi rawa. Dabarar da ta yi maka aiki a kan dutsen guga ita ta kashe maka ekran.

Gidan ashanar da ka yi jifa da shi kuwa, shi ne mahaɗin, 'yan kasuwa suna ce masa adafta. Farin gefen yana shiga ordinata, shuɗin gefen yana karɓar kan wayar ekran, wato kan nan da ka yanke da hannunka. Alhaji ya kawo maka magani, ya tarar ka riga ka yanka majinyacin, ka lulluɓe shi da zane.

Ga abin yi. Ka nemo kan da ka yanke, in ba ka yar ba. Ka ɗauki ekran da kan da mahaɗin ka kai wa mai gyaran ordinata, ba mai rediyo ba, kuma Inusa ya kyauta da ya ƙi taɓawa. Ana haɗa wayar, ko a ɗaura mata sabon kai, aiki ne na haƙuri da dalma. Kafin nan ka leƙa farin ramin ordinatarka. A gefe ɗaya akwai tsaga a kwance. In ka ga ƙananan ramuka huɗu sun kewaye ta, mahaɗin Alhaji ya wadatar. In babu su, sai an nemo wani mai ɗan akwati wanda shi ma kuran yake ci, kuma a Kano za a fi samunsa. In kuɗin gyara ya kusa na ekran na hannu, sayi na hannun, ka huta.

Yanzu Alhaji. Yana da laifi, ba zan wanke shi ba. Ya kamata ya tambayi irin ekran ɗinka kafin ya saya, mai atamfa bai kamata ya yi gaban kansa a kayan da bai sani ba. Dariyar nan kuma ba ta dace ba. Mutum ya sayar da shanun ubansa a shekara irin wannan, ba a yi masa dariya a gaban maƙwabtansa, balle wanda yake cin tuwon gidansa. Kana da damar faɗa masa wannan, ku biyu, kuma ina zaton zai sunkuyar da kai. Amma macuci ba ya zaga kasuwa yana tambaya, ya dawo maka da ɗan abin da zai hana shi cinikin sabon ekran. Kai kuwa ka taɓa ubansa da ke kabari, mutumin da mahaifinka ya shimfiɗa wa tabarma. Dariyarsa da zaginka, ka auna da kanka ka ga wanne ya fi nauyi.

Ka tambaye ni yadda za ka tsara magana a gaban shugaban 'yan kasuwa. Ba zan tsara maka ba. Abu na farko da zai ce shi ne a kawo ekran a gwada mahaɗin, a yaye zanen a gaban kowa. Dariyar zaure za ta zama wasa, wannan har garin Takieta sai an ba da labarinta. Na kuma karanta wasiƙarka da kyau, na ga shanun sun fi ordinatar ci maka rai. Ba Alhaji ya ɗauke ruwa ba, ɗan'uwa. Shi ne dai wanda hannunka ya kai gare shi.

Ran Alhamis ka share zauren, ka kakkaɓe buzun, ka cika butar. Ran Juma'a ka riga motar zuwa tasha, ka ɗauki jakarsa da kanka, kada ka aiki kowa. In kun shiga zaure ka yaye zanen da hannunka, ka nuna masa, ka nemi gafara a kan abin da ka faɗa wa mahaifinsa kafin ka kawo zancen dariya. In ya sake yin dariya da ya ga wayar, wannan karon ka taya shi, ta cancanta. Sannan ka roƙi Shatu ta fito da abin da ta ɓoye, ka gode mata, don ita kaɗai ta riƙe hankalinta a gidan nan.

Wayar da ka yanke akwai mai haɗa ta a kasuwa, na ma faɗa maka wurin wa za ka. In ka jere kayan Alhaji Lawan a bakin titi, ban san mai gyaran da zan tura ka wurinsa ba.

Allah ya huci zuciyarka, ya buɗe maka shagon, ya ba mu damina mai albarka. A gaida Shatu, a ce ta cika kwanon Alhaji ran Juma'a.

Malam Ɗanjuma