Man da Baba ya shafa wa bel

Zuwa ga Yayata abar girmamawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ƙani ga babbar yaya, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara. Allah Ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan da kika ambata. Mu ma lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Mai ɗakina ta koma aiki, Auta kuma ta fara haƙori, ba ta kuwa bar kowa a gidan ya manta da hakan ba.

Na zaɓi rubutu a kan waya ne don kin san halina: kafin in gama auna magana, kin riga kin ba ni amsarta. Batun Baba ne. Kin tuna ya ce ki gyara masa ɗaki zai koma wurinki, don zaman gidana ya ishe shi. Ban ga laifinsa ba. Mutumin da ya tsufa yana dukanci, hannunsa bai san hutu ba, sai ga shi daga gado sai kujera. Amma ban so ya tafi ba. Saboda haka na fara zuwa da shi ma'aikatarmu ta gyaran injinan niƙa, na ajiye masa kujera a bakin sito, inda muke adana bel-bel ɗin da ke juya injina. Na ce gadi kawai zai yi.

Wata safiya na dawo daga wani aiki na tarar ya fito da sababbin bel-bel, ya shafe su da mai ɗaya bayan ɗaya, ya kafa ƙusoshi a bangon da rana ke bugawa, ya rataye su suna ta sheƙi. Ya tarbe ni da fara'ar da rabona da ganinta tun Inna na da rai. Ya ce ya taɓa su ya ji sun bushe ƙamas, kuma a sana'arsa ba a barin fata da ƙishirwa. Ya ƙara da cewa shi bai san me aka koya mana a jami'a ba. Makanikinmu, wanda muke kira Dogo, ya shige bayan wani inji, kafaɗunsa kaɗai nake hangowa suna rawa.

Yaya, bel ɗin nan ba fata ba ne, roba ce da zare a cikinta. Mai yana kumbura ta ya sa ta santsi, rana tana tsattsaga ta, ƙusa kuma tana lanƙwasa ta wuri guda har zaren ya raunana. Wato Baba ya haɗa duk abin da aka hana a safiya ɗaya, kuma ya yi aikin da kyau ƙwarai. Abin da na iya cewa shi ne sannu da aiki. Na kwana biyu ina juya lamarin: in na faɗa masa, kunya za ta sa ya ɗaure kaya, in na yi shiru, ya riga ya aika a ƙaro mai. Mai ɗakina ta ce in na ci gaba da nazari, zan wayi gari ya shafe tayoyin motata.

Da na rasa kalmar da ba za ta sosa masa rai ba, sai na bar inji ya yi magana. Na ɗaura bel ɗin da ya shafa a gabansa, na tayar. Ya dinga zamewa yana ƙara, niƙa bai motsa ba. Na canja da busasshe, nan take ya kama. Sannan na yi masa bayani a taƙaice, idona a ƙasa. Baba ya miƙe, ya gyara hula ya fita. Na ce a raina shi ke nan, sai in sayi tikitin mota.

Ashe bango ya nufa, ya ciccire ƙusoshin da kansa. Da ya dawo ya tambaye ni, in ƙusa tana cutar da abin, a kan me yake son zama. Na ce a kan abu mai faɗi mai lanƙwasa, kamar bayan ganga. Ya ce to me ya hana ni faɗa tun farko, wannan ai aikinsa ne. Ya sa kafinta ya yanko masa katako, ya lulluɓe kowanne da fata mai laushi, ya ɗinke da irin ɗinkin nan nasa da kika sani.

Yanzu sai ki ga siton. An sa wa taga labule, an ɗauke komai daga ƙasa saboda danshi, bel-bel masu haƙora suna kwance a kwalayensu, kuma wanda ya riga shigowa shi ke riga fita. Na ambata sau ɗaya cewa iskar injin walda tana tsufar da roba, washegari mai walda ya tarar da kayansa a can ƙarshen farfajiya. Ba mai shiga sai ya nuna tafin hannu. Ni kaina an mayar da ni in wanko nawa, a gaban Dogo, wanda yanzu yake kiran Baba Manaja. Roƙona ɗaya: in kun yi waya kada ki ambaci mai, domin shi a wurinsa gwaji ya yi.

Jiya da muna dawowa ya ce in sanar da ke ki bar wa yara ɗakin nan. Ya ce ba ƙin zuwa ya yi ba, sai dai ya duba kaf bai ga wanda zai bar wa sito hankalinsa ya kwanta ba, har da ni.

Ki gaishe da maigida da kyau, da Gwaggo, da 'Yan Biyu, da takwarana mai ƙin wanka. Mai ɗakina tana gaishe ku. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Injiniya, kamar yadda kike tsokanata