Na Ara wa Gunki Muryarka, Baba

Assalamu alaikum Baba. Gaisuwa irin ta 'ya da mahaifi, tare da fatan kana cikin rahama.

Na yi abin kunya, kuma kai zan fara faɗa wa.

Wani kamfani ya ba ni fassarar littafin labarin zane, irin wanda ake zana mutum a rubuta maganarsa a saman kansa. A ciki akwai wani ƙato, wai shi abin bauta ne, shi ke da ranar da ke sama, wai ba ya mutuwa. Suka ce kada ya yi magana irin ta kasuwar Birnin Kudu, su tsohuwar Hausa mai nauyi suke so.

To ni ina na san wata Hausa mai nauyi in ba taka ba? Ina tuna ka a garin Dingaya da azumi, kana fassara bayan mai jan baƙi, mu mata muna bayan zana. Kakan ja "lalle ne, haƙiƙa" a hankali, har masu tallan ƙosai su yi tsit.

Ita na ɗauka, Baba. Na cusa ta a bakin wannan ƙazamin. "Ya ku mutane" ɗinka, yanzu wani mai jan kamfai ke faɗinta yana hura hanci. Tir! Har daɗi na ji da ta zauna daram.

Ranar Juma'a ina karantawa da ƙarfi don in ji inda ya yi karo, ban san Inna na bakin ƙofa ba. Ka san idonta ya tafi. Sai na ga ta ja mayafi ta rufe kai, ta tattara hannuwa a cinya kamar yadda take yi a tafsirinka. Da na kai aya ta shafa, tana hawaye.

Wallahi ƙyamar kaina ta kama ni har na kasa cin tuwo. Na mayar wa 'yan kamfanin da aikinsu, su nemi wani bakin.

Amma Inna ba ta bar ni ba. Kullum bayan la'asar sai ta ce in karanto mata "na Malam". Jiya na ce ya ɓace. Ta ce ba komai, za ta jira in nemo.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka. Ni kuma Ya ba ni bakin da zan faɗa mata wanda ta yi wa kuka.

'Yarka,
Hajara