Dalilin Da Ya Sa Na Musanya Wayar Da Kika Ba Ni

Da izinin mai girma Kostadin Belev, shugaban ƙungiyar makiyaya, wanda zai sauko da wannan takarda cikin motar madara, da izinin Malama Nevena, wadda ta ɗora ni a kan alƙalami a hunturun da ya wuce. Ina gaishe ku da ladabi, ina kuma roƙon kada ɗayanku ya karanta abin da ke ƙasa. Ba naku ba ne.

Zuwa ga Zlatka, sanyin idona, ruwan marmaro mai fitowa daga ƙarƙashin dutse, zumar farkon bazara, shamuwar da idan ta sauka a kan rufin coci kowa ya san sanyi ya ƙare!

Yau kwana tara ba ki ce mini uffan ba. Yayanki Manol, wanda muke kiwo tare, ya gaya mini cewa kin yi fushi don na musanya wayar da kika ba ni, kuma kin sayi tikitin motar da za ta kai ki Spain wurin 'yarki Tsvetelina ranar sha huɗu ga wata. Haba Zlatka! A yanke wa mutum hukunci ba a ji ta bakinsa ba? Ko kyarkeci aka kama a garke, ai ana duba haƙoransa tukuna. Ni Trifon Karadjov, mai shekara hamsin da huɗu, wanda bai taɓa ɓatar da tunkiyar wani ba, ina neman a saurare ni.

Kin tuna ɗakin karatun ƙauye, ranar da kika ajiye tsintsiyarki kika riƙe hannuna, kika ja shi har na rubuta harafin farko na sunanki, mai kama da lamba uku a rubutun ƙasarmu? Hannunki yana ƙamshin sabulu, nawa yana warin tumaki, ba ki janye ba. Don wa na zauna a kan benci wata biyar, gwiwoyina suna dukan tebur? Don cuku? Cuku ba ya aiko da saƙo. Don ke na yi, domin idan na hau dutse in karanta maganarki da idona, ba da bakin wani ba.

Ranar idin Waliyyi Georgi kika miƙa mini wayar. Kika ce Tsvetelina ce ta zaɓa, wai fuskar wayar tana sabunta kanta sau ɗari da ashirin a daƙiƙa ɗaya, alhali ta sauran mutane sau sittin take yi. Na karɓa hannu bibbiyu. Ba zan yi ƙarya ba, idan aka ja ta da yatsa tana sulɓi kamar kifi a kogin Arda. Na gani, na yaba.

To amma ki dube ni, ya abar ƙaunata. Ni da nake ɗora yatsa a kan kalma ɗaya, in karanta ta sau uku kafin in yarda da ita, me zan yi da sau ɗari da ashirin? Kalmarki tana tsaye, ni ma ina tsaye, ita kuwa wayar tana ta gudu a wuri ɗaya tana shan caji kamar maraƙi a nono! Faifan sola guda ne a bukkarmu, mu uku. Sabis kuwa sai a kan Dutsen Mikiya, tafiyar awa ɗaya. Kafin in isa, ta gaji. Kafin in karanta, ta suma.

Ranar Talata uku ga wata na hau, saƙonki ya shigo. Na karanta sunana. Na karanta, "Idan kana so in zauna," sai fuskar ta yi baƙi. Wayyo! Na girgiza ta, na sa ta a hammata ta ji ɗumi, na roƙe ta kamar yadda ban taɓa roƙon ɗan Adam ba. Kwana uku a jere ana ruwa, faifan bai ga rana ba. Kwana uku ina yawo da rabin maganarki a ƙirjina kamar ƙashi a maƙogwaro. Ke kuwa kina can kina cewa na gani na yi shiru.

Shi ya sa ranar Asabar na sauka kasuwar Smolyan. Mai shagon ya juya wayar, ya dube ni, ya ce, "Kawu, wannan ta masu wasan harbe-harbe ce. Kai kuma wa kake harbi, tumaki?" Na ce masa ni mai karatu ne, ya ba ni wadda ba ta gajiya. Ya ba ni mai sau sittin, mai kauri kamar bulo, kwana huɗu take yi ba ta nemi rana ba. Sai da na koma dutse na gane cewa saƙonki ya tafi da waccan.

Na ji Tsvetelina ta ce ai ana iya rage gudun a cikin wayar, wai ƙauyanci ne ya sa ban sani ba. Na yarda ban sani ba. Haruffan wurin ƙanana ne kamar tururuwa, ba a kai mu nan a aji ba. Amma ki tambayar mini ita, da girmamawa: wa yake sayen dokin sukuwa don ya dabaibaye shi? Ga mai wasa, gudun fuska abin nema ne. Ga makiyayi mai jiran maganar mace guda, waya mai rai ita ce waya.

Kyautarki ban raina ta ba, hasken gidan da nake fata. Na ba da ita ne don in same ki. Har yau ban san ƙarshen abin da kika rubuta ba. Ko mene ne sharaɗin, na amince tun ban gani ba. Idan sauka daga dutse ne, zan sauka. Idan gyaran rufin ɗakina ne, katako yana nan.

Ga amsata, da hannuna, ba wanda ya taya ni: ina so. Ki zauna, Zlatka.

Ranar sha huɗu zan tsaya a tashar mota tun da safe. Shekara talatin da ɗaya ban bar garke a tsakiyar kiwo sau biyu a wata ɗaya ba, bana zan bari. Idan kika shiga motar, ba zan riƙe miki jaka in hana ki ba. Amma sai kin wuce ta gabana.

Naki har ranar da za a rufe ni a bayan coci,
Trifon Karadjov

Waɗanda suka ga abin da ya faru: tsoho Stoil Gerov, wanda ya gan ni a kan Dutsen Mikiya da matacciyar waya a hannu. Rumen direba, wanda ya kai ni Smolyan ya ji abin da mai shago ya ce. Da yayanki Manol, wanda ya kai miki rabin labari, yanzu kuma ya yarda zai tsare tumakina ɗari uku ranar sha huɗu, har in dawo da ke ko ba ke.