Gidaje Bakwai da Maman Ogechi Ta Bar Mini

Asabar, 4 ga Mayu, 2024
Asabar ta uku ba kwali a ƙarƙashin ƙofata. Shekara sha tara Cordelia, Maman Ogechi, mai shagon da ke jikin gidana a Kwararafa, duk Asabar tana zana mini wasan cike kalmomi a bayan kwalin sabulu. Kullum sunayen tsuntsaye ne da Hausa, dangi-dangi. Matar da har gobe take ce mini "kai Hajiya" maimakon "ke", amma ta fi ni sanin tsuntsun garinmu. Dokarta ɗaya ce: ba a rubuta suna sai an ga tsuntsun da ido. Yanzu shanyewar ɓarin jiki ta kama ta, 'yarta Ogechi ta kwashe ta zuwa Kuru. Ko sallama babu. Ba zan je ba.

Talata, 7 ga Mayu
Kwalin ƙarshe, na masu dogayen ƙafafu ne. Balbela na gani bayan shanu, na rubuta. Shamuwa ma ta iso da ruwan shekaranjiya. Saura biyu.

Laraba, 8 ga Mayu
Yau ban yi magana da kowa ba sai mai ruwa.

Asabar, 11 ga Mayu
Na hau keke napep zuwa Naraguta, bakin tsohon ramin kuza. Ni Balaraba, da ciwon gwiwa, ina leƙen ciyawa! Wata mai ban ruwan kabeji ta ce, "Mama, akuya ce ta ɓata?" Na kusa awa biyu kafin zalɓe ya sauka, ya tsaya da ƙafa ɗaya. Na juya in ce "ga shi can", ba kowa a gefena. Na rubuta, na dawo gida, raina ba daɗi.

Litinin, 13 ga Mayu
Saura suna ɗaya mai gidaje bakwai, kowane gida harafi ɗaya. Cordelia ta rubuta: "Gashi tsaye a kai kamar tsintsiya, ba ya tafiya shi kaɗai." Gauraka ne, ko yaro ya sani. Amma rabona da ganinsa tun ina budurwa. Mugunta ce kawai. Na ɗauki biro sau biyu, wa zai sani? Na ajiye.

Alhamis, 16 ga Mayu
Ogechi ta kira. Wai Mama na zaune bakin taga wuni guda, hannun dama ba ya riƙe komai, magana ɗaya-ɗaya. "Hajiya, kullum sai ta tambaya ko kin gama." Na ce ina da baƙi, na kashe wayar. Ba baƙon da nake da shi. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Ba na son in ga bakin nan da ya saba yi mini tsiya a karkace.

Juma'a, 17 ga Mayu
Na kira Ogechi na tambaye ta me ake gani daga tagar. Ta ce, "Kurciya, hankaka, da wasu 'yan rawaya masu saƙa sheƙa a bishiyar gwaiba." Marai ke nan.

Asabar, 18 ga Mayu
Ban taɓa zana wasan ba sai daren jiya, aikin Cordelia ne. Layukan duk sun karkace, na lalata kwali biyu. Na yi gidajen manya-manya, yadda hannun hagu zai iya. Uku kawai na sa, duk na bakin taga. Nata na gauraka zan kai mata a yadda yake, ta ga ban yi maguɗi ba. Ba wai na huce ba ne. Motar Kuru ƙarfe tara take tashi, tun bakwai na sa takalmi.